Juma'a, ranar da na yini ina lissafin batir

Yau da na fito bayan sallar asuba a nan Landan sanyi ne ba na wasa ba, gilashin motata ta haya mai lantarki duk ya daskare, sai da na kunna hita na zauna ina jira ya narke, ita kuma hitar daga batir take ci, tun ban motsa ba ina kallon lamba tana sauka. Kashi 31 na tarar. Jiya da daddare na dawo da niyyar in jona ta a falwayar fitilar layinmu wacce kansil ta saka wa soket, sai na samu wani maƙwabci ya ajiye motarsa mai shan fetur daidai gindin falwayar. Doka bai karya ba, tunda ba a shata wurin da fenti ba, amma gaba kaɗan akwai fili har biyu da zai iya tsayawa, shi ko ina ya tsaya ɗaya ne a wurinsa, ni kuwa nan ne kaɗai kebul ɗina yake kaiwa. Ban buga masa ƙofa ba don dare ya yi sosai, sai dai na rubuta ƴar takarda cikin ladabi na saƙale masa a waifa.

Wanda yake da gidan kansa da farfajiya a Landan ba zai gane wannan damuwar ba. Shi yana jona motarsa ya kwanta, da tsakar dare wutar ta yi arha, wasu ƙasa da kwabo 10 na kuɗin nan suke biyan yunit ɗaya, mu da muke haya a saman bene in muka je na'ura mai sauri wajen kwabo 80 ne yunit. Har harajin ma ba ɗaya ba, wutar gida kashi 5 ne, ta waje kashi 20. Kuma ba don gayu muka sayi motar lantarki ba, tun Janairun 2023 hukumar sufuri ta Landan ta daina ba wa sabuwar motar haya irin tamu lasisi sai in tana iya tafiya da lantarki. To ka ga wurin caji na jama'a shi ne gidan manmu, shi ne abincinmu.

Na ɗauki wata mata da ɗanta zuwa filin jirgin saman Heathrow, kafin in sauke su na koma kashi 17, dole in tsaya. Akwai wani wurin caji da nake zuwa a yammacin gari kusa da wani babban kanti, na'urori masu sauri ne a jere, ɗaya ta mutu tun makon jiya an rufe fuskarta da leda. Da na shiga duk sauran a cike, ga motoci a warwatse ko ina kowa na zaune a ciki ya ƙura ido, ba ka san wa ya riga wa ba. Wannan shi ne babban ciwon wuraren nan wallahi, ba a yi musu layi ba, babu inda aka zana cewa nan za ka tsaya ka jira, an dai dasa na'ura an tafi. A gida in mata da yara suka je famfo kowa ajiye jarkarsa yake a bayan ta wani, ko ka matsa inuwa an san gurbinka, nan babu jarkar da za ka ajiye, sai dai baki. Shi ya sa ni duk inda na je sai na fito daga mota na zagaya na tambaya waye na ƙarshe. Turawa da yawa kunyar yin haka suke, sai su zauna su yi ta haɗiyar fushi, amma in ka fara tambaya za ka ga kowa ya saki fuska ya nuna maka wanda yake gabansa.

Na ƙarshen ashe wani dattijo ne ɗan Ghana, shi ma direban haya, ya ji ina amsa waya da Hausa sai ya sauke gilashi ya yi min sallama da Hausarsu ta Zango. Na ce Baba ina kwana, ya sanyi. Ya ce ɗana sanyi kam mun gode Allah, kai ne bayana, wancan mai jar motar shi ne gabana, gabansa kuma waccan baiwar Allah ce amma ita tata matsalar daban ce.

Ita ce ta fi tsaya min a rai yau. Wata Baturiya ce da tsohuwar Nissan Leaf, da kayan aikin jinya a jikinta, da gani daga aikin dare ta taso. Tsofaffin Leaf ba sa amfani da kan caji na CCS da kusan duk motocin yanzu suke da shi, nasu CHAdeMO ne irin na Japan, kuma a duk wurin nan na'ura ɗaya ce tak take da wannan kan. To wani mai babbar mota ya zo lokacin da akwai wani gurbin a buɗe, Baba ya ce da idonsa ya gani, amma sai ya zaɓi waccan ɗin don ta fi kusa da ƙofar kanti, ya jona ya shige sayayya. Gurbi ya buɗe sau biyu a gabanta ba ta iya shiga ba saboda kan bai dace da motarta ba, tana ji tana gani na bayanta suna wucewa. Ni ban ɗauka mutumin mugunta ya yi ba, ina jin bai ma san akwai bambanci ba, amma rashin sanin nasa wata ce ta biya shi da barcinta. In kana da zaɓi ka ɗaga kai ka duba, in na'urar tana da kai biyu ga kuma wata mai irin naka kaɗai a gefe, ɗauki waccan ka bar wa wanda ba shi da wata mafita. Sakan biyar bai kai ba wannan dubawar.

Da muka leƙa allon na'urar tasa kashi 93 take nunawa, wutar da take shiga kuma ta ragu ƙwarai. Duk mai motar lantarki ya kamata ya san wannan tun ranar da ya karɓi makulli: batir yana shan wuta da sauri ne in yana ƙasa, yana kaiwa wajen kashi 80 motar da kanta take rage gudun cajin don kada batir ya yi zafi ya lalace, daga 80 zuwa 100 sau da yawa yakan ci lokaci kusan daidai da wanda ka ɓata daga 10 zuwa 80. Wato mutumin da ya nace sai ya cika fal a na'ura mai sauri alhali ana jira, ya riƙe wa wani cajin da zai kai shi gida ne don ya tsiyayi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ban ce babu mai uzuri ba, wanda zai kama doguwar hanya zuwa arewa inda wuraren caji suke nesa da juna yana da hujja, amma sai ya tsaya kusa da motarsa ya faɗa wa masu jira, su san lissafin da za su yi.

Akwai wani matashi mai kai kaya a bayana, ransa ya ɓaci sosai, ya taso zai danna jan maɓallin nan na gaggawa don cajin ya tsaya a zare kebul ɗin. Ni da Baba muka tare shi. Maɓallin nan na gobara ne ko in wani abu ya faru, in ka danna wani lokaci na'urar gaba ɗaya take tsayawa sai an sake tayar da ita, ka ga an ƙara wata a kan wacce ta mutu. Kuma kan kebul ɗin yana kulle ne a jikin mota yayin caji, in ka ja da ƙarfi ka fasa wa mutum abu kai za ka biya. Baba ya ce masa yaro, hannunka kada ya taɓa motar da ba taka ba, ko da kai ne da gaskiya. Ya koma yana ƙunƙuni amma ya ji. Ni kuma na shiga kantin na roƙi na kan teburi su kira lambar motar a lasifika, suka kira, ba a jima ba sai ga shi da ledoji, fuskarsa ta yi ja da ya ga matar, ya ba ta haƙuri ya janye. Ita ko ba ta ce masa komai ba sai na gode.

Kamfanin motocin lantarki na Tesla sun daɗe da gano wannan, a wurarensu in cajinka ya ƙare ka bar motar a jone kuma wurin yana da cunkoso, ana cire maka tara duk minti, sai dai in ka janye cikin minti 5 a yafe maka. Wasu kamfanonin ma sun fara cin tarar wanda ya wuce lokaci. Ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari, amma tara ba ta magance komai, mai kuɗi zai biya ya ci gaba da cin abincinsa, kuma tara ba za ta gaya wa mutum ya bar wa mai Leaf gurbinta ba.

Da layi ya zo kaina gurbi biyu ne suka buɗe kusan tare, ɗaya mai kilowat 150 ɗaya mai 50. Kia Niro ce motata, ko a wace na'ura ka kai ta ba ta kai kilowat 80, ga sanyi kuma, batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da kyau, to bambancin a wurina ƴan mintuna ne, sai na bar wa matashin babbar tunda motarsa tana iya sha kuma kaya ne cike a bayansa ana jiransa. Na zauna cikin mota na sha shayin da uwargida ta zubo min a fulas, ina kallon allo, ina kaiwa 78 na ga ya ishe ni har azahar, na cire. Kebul ɗin na naɗe na rataye shi a ma'ajiyarsa, don wanda na tarar a yashe yake a ƙasa cikin ruwa, kan nasa duk taɓo, in mota ta taka shi shi kenan an yi asarar na'ura ɗaya na kwana da kwanaki. Kafin in tafi na kira lambar da ke jikin wacce ta mutu na sake kai rahoto, na kuma rubuta a Zapmap, manhajar da ke nuna wuraren caji, don wanda zai taho daga nesa da sauran kashi 5 kada ya dogara da ita.

Lokacin Juma'a na yi abin da na saba. Kusa da masallacinmu akwai na'urori masu jinkiri na kilowat 7 a wurin fakin, waɗannan dama don a jona a tafi aka yi su, awa biyu awa uku ba laifi, a nan nake barinta in shiga huɗuba. Akwai mai sauri ma a can gaba, kuma na sha ganin ƴan uwa direbobi suna jona motarsu a nan su tafi sallah, huɗuba da sallah da gaisawa a ƙofar masallaci ya fi awa, motar ta gama tun tuni wani yana can yana jira. Wannan abin yana damuna fiye da na mai babbar motar nan na safe, saboda mu an karantar da mu haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci tun muna allo, kuma masu jiran suna ganin daga inda muka fito. Bayan an sallame na yi wa wani abokin aikina magana a gefe, ban yi a gaban mutane ba, na ce ɗan uwa don Allah mako mai zuwa mu zo da wuri mu kama masu jinkirin. Ya ce gaskiya ne, shi sauri ne ya sa shi. Ni a gilashin gaba ina ajiye kati mai lambar wayata da lokacin da zan dawo, na ba shi ɗaya cikin na aljihuna.

Sauran yinin aiki ne kawai, cunkoso a hanyar A40, ruwa ya ɗan sauko da la'asar, fasinjoji ba yabo ba fallasa.

Da daddare ƙanina ya kira daga Maiduguri, yana ba ni labarin motoci da keke masu lantarki da suka fara yawa a garin tun bayan cire tallafin mai a 2023, yana so ya sayar da kekensa ya koma irin su, yana tambayata ko batir yana da amana. Na ce batir kam lafiya lau in ka kula da shi, amma kafin ka saka kuɗinka je ka zauna a wurin cajin yini guda ka gani, mutum nawa ke jira, wa yake tsara layi, in mai uniform ko wani babba ya zo ana tsallake na gaba ko ba a yi, in wuta ta ɗauke ana tsaka da caji wa zai fara in ta dawo. Ya yi dariya ya ce Yaya ai su ƴan ƙungiya za su saka mai rubuta suna a littafi kamar tasha. Na ce in suka yi haka sun fi mu nan, don mu har yau da baki muke tambaya. Mun rabu a kan zai je ranar Litinin ya gano min, ya kuma tambayo nawa suke karɓa.

Gobe ina da ɗauka zuwa filin jirgin saman Gatwick da sassafe, yanzu kashi 54 nake da shi, zai kai ni ya dawo da ni rabin hanya, sai in tsaya a wurin caji na Cobham a kan babbar hanyar M25 kafin masu tafiyar ƙarshen mako su cika wurin. Bari in saita ƙararrawa.