Rigar bikin yaye da dutsen gugan gawayi

Ranar Laraba da la'asar na karɓo rigar, bikin yaye mu kuma ranar Asabar ne da safe. A cikin leda aka miƙo mini ita, a ninke kamar sallaya, hula da mayafin kafaɗa a samanta. Na sa hannu a takarda cewa zan mayar da ita lafiya bayan biki, in kuwa ta lalace in biya. Da na iso gida na warware ta a kan gado, sai gabana ya faɗi. Baƙar riga ce mai faɗi, amma duk jikinta karin ninki ne, wani a tsaye wani a kwance, hannayen kuma sun cukurkuɗe kamar an ƙwato su daga bakin kura. Ga warin ajiya. Da gani tun bikin da ya wuce take danne ƙarƙashin 'yan uwanta a sito.

Na daɗe ina jiran wannan rana, har da watannin da muka yi zaune a gida saboda yajin aiki. Kakata ta ce ko da sanda sai ta je, hoton da za a ɗauka kuma shi za a rataye a falo shekara da shekaru. Ban yarda in tsaya gaban mai hoto da riga a haka ba.

A daren babu wuta a unguwarmu. Na ɗauko dutsen guga na gawayi, wanda da shi nake goge atamfa da shaddar ƙannena tun ina ƙaramar sakandare, na zuba garwashi, na fifita har ya yi jajir. Na shimfiɗa bargo a ƙasa, na yayyafa wa rigar ruwa yadda na saba. Allah ya taimake ni da ƙasan hannun hagu na fara, ta wajen baya. Ina ɗora dutsen na ji ya ƙi tafiya, ya kama yadin. Na fizge shi da sauri, sai wani wari ya tashi irin na leda in ta faɗa murhu. Da na haska fitilar waya na ga shatar hancin dutsen ta fito sarai, wurin ya yi ƙyalli, ya ɗan tattare, in ka taɓa kuma ya yi tauri. Duka-duka daƙiƙa biyu ce ko uku.

Na zauna a wurin hawaye na zuba. Ba kayana ba ce, amana ce, ga shi kuma ko kashi ɗaya cikin goma ban goge ba.

Washegari da sassafe na nufi gidan Kawu, yayan Umma. Ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri, can Kaduna, kafin aikin ya tsaya ya dawo gida. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, na ƙona rigar mutane."

Ya ce, "Subhanallahi. Kawo in gani, 'yar nan."

Bai fara duba ƙunar ba. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya juya rigar ciki waje, ya bi ɗinkin gefe har ya samo wani ɗan farin ƙyalle da ni ko lura da shi ban yi ba. An rubuta foliyesta ɗari bisa ɗari, ga hoton dutsen guga ƙarami da ɗigo ɗaya a cikinsa.

"Kin ga ɗigon nan? Shi ne ke gaya miki iyakar zafin da yadin zai ɗauka. Ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. In kika ga an soke hoton da gicciye, to kada dutse ya taɓa shi ko kaɗan. Dutsenki na gawayi wa ya san zafinsa? Ke dai kin ga ja, kin ɗora."

Ya miƙa hannu ya ɗauki gorar ruwan roba da ke gefen tabarmarsa, ya ɗaga mini. Ya ce wannan gora da rigar nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na ɗauka misali yake yi, ashe zahirin magana ce. Daga man fetur ake samo sinadaran da ake haɗa foliyesta, kuma irin robar da ake yin gorar ruwa da ita, ita ce ake narkarwa a ja ta siriri ta zama zare. A Ingila aka fara haɗa wannan zare a 1941, yau kuma ya cika kasuwanninmu, daga hijabi zuwa rigar 'yan ƙwallo. Auduga tsiro ce, tana shan ruwa, tana jure zafi, shi ya sa muke yayyafa mata ruwa mu danna ta da dutse mai zafi ta miƙe. Foliyesta kuwa ruwan da take riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta ba, don haka yayyafin da na yi bai kare ta da komai ba. Ƙyallin da na gani zaren ne ya yi laushi, dutsen ya latse shi ya baje. Wannan ba datti ba ne balle a wanke, kuma ba ya komawa yadda yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin shi ne tazarar da ke tsakanin zafi biyu. Zaren foliyesta yana fara sakin jiki tun wajen digiri 70, amma ba ya narkewa ƙurmus sai ya kai wajen 250. Ruwa kuma a 100 yake tafasa, tururin da ke tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce haka. Ke nan tururi ya isa ya sa zaren ya saki karin da ya riƙe, amma bai isa ya ƙona shi ba. Kawu ya ce, "Surace za ki yi mata, kamar mai mura. Kuma ki bar ta a rataye, nauyinta zai yi miki rabin aikin."

Na dawo gida na samo hanga mai kauri ta katako, irin ta kwat, domin ta waya siririya tana fitar da ƙusumbi a kafaɗa. Na rataye rigar a ƙusar bayan ƙofa inda gindinta ba ya taɓa ƙasa, na buɗe taga don warin ajiyar ya fita. Zuwa azahar, ba tare da na yi komai ba, ƙananan yamutsin sun ragu.

Masu ba da shawara a intanet cewa suke a rataye riga a banɗaki a sakar mata ruwan zafi na shawa. Mu ba mu da wannan, da bokiti muke wanka. Sai na tafasa ruwa a babbar tukunya, na juye a baho, na ajiye a tsakiyar banɗaki, na rataye rigar a sama da shi da ɗan nisa, na toshe taga da tsumma na ja ƙofa. Bayan kamar minti ashirin na shiga na shafa ta da tafin hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa, ina ɗan jan gindin a hankali. Na sake tafasa wani ruwan na maimaita. Gaskiya wannan dabara ta yi aiki, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. Hannayen sun warware, jikin ya yi laushi, warin ya tafi. Manyan karin ninkin nan kuwa, waɗanda suka yi watanni a danne, suna nan daram, sun dai ɗan dushe.

A nan ne Umma ta kawo tata shawarar, cewa a kifa kabbasa a ɗora rigar, a sa turaren wuta, ta samu ɗumi ta samu ƙamshi. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, garwashi da rigar nan ba sa haɗuwa. Tartsatsi ɗaya ya tashi, huda ta zai yi." Ta yi shiru, sannan ta ce to a cire kaskon, a sa tukunyar ruwan zafi a ƙarƙashin kabbasar. Wallahi wannan ya fi na banɗaki, domin tururin ba ya watsewa, kai tsaye yake ratsa yadin, kamar dambu a madambaci. Muka riƙa juya rigar sashe-sashe, kowane sashe 'yan mintuna, sannan a mayar da ita kan hanga ta huce.

Hucewar nan ba ƙaramin abu ba ce, kuma ita ce na fi ganin mutane suna wasa da ita. Foliyesta tana riƙe siffar da ta huce a cikinta. In ta huce a miƙe, ta zauna a miƙe. In ka turara ta ka jefa a kan kujera tana da ɗumi, ka yi mata sabon yamutsi da hannunka. Na gani da idona, domin wani gefe da na bari ya naɗe a kan kabbasar sai da na sake turara shi.

Karin da suka ƙi ji, guda uku ne a baya da ɗaya a ƙirji, na bi su da butar shayi. Na bar ta tana tafasa a kan risho, na riƙe yadin ta ciki wajen taƙi ɗaya daga bakin butar, ƙanwata ta ja mini shi ya miƙe, ina bin layin a hankali. A yi hattara da wannan, tururin bakin buta yana ƙona fata fiye da yadda ake zato, kuma kada a cika butar har ta riƙa tofar da ruwa. Yara ma a kore su daga wurin.

Ranar Alhamis da dare aka kawo wuta, sai na yi gugan ƙarshe da dutsen lantarki, ina ɗar-ɗar. Na murɗa shi zuwa ɗigo ɗaya, na jira ya daidaita. Na juya rigar ciki waje, na shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai ɗan danshi a kanta, domin kada ƙarfe ya taɓa yadin kai tsaye. Fari na zaɓa da gangan, don atamfa mai rini tana iya zuba idan ta haɗu da danshi da zafi. Na fara gwadawa a cikin kalmasar gindi, inda ko an samu matsala ba mai gani. Sannan na bi sauran: in ɗora, in ƙirga uku, in ɗaga, in matsa gaba. Ban goga da ƙarfi ba, ban bar dutsen ya zauna wuri ɗaya ba. Tattarar da ke kafaɗa da bayan wuya ban taɓa ta ba sam, domin da gangan aka ɗinka ta haka, in ka danne ta rigar ta rasa cikarta. Sitaci kuma ban sa ba. A kan baƙar foliyesta ba ya shiga zare, sai dai ya bushe a sama ya bar fari-fari.

Mayafin kafaɗar yana da shafi mai sulɓi mai launin tsangayarmu, shi tururi kawai na ba shi daga nesa. Hular kuwa na nisanta ta da ruwa gaba ɗaya, don abin da ke cikin faifan samanta kwali ne, in ya sha danshi sai ya lanƙwashe. Tsumma busasshe na sa na goge ƙurarta. Tuntun na rataye shi kwana biyu, na tsefe zarensa da yatsu.

Juma'a ban taɓa rigar ba. Na lulluɓe ta da tsohon zanen gado saboda ƙurar hunturu, don yadin roba a lokacin bushewar iska yana jan ƙura da zare-zare kamar maganaɗisu, kuma a kan baƙi komai fitowa yake.

Ranar Asabar ban sa ta daga gida ba. A kan hangarta na riƙe ta cikin A Daidaita Sahu, na ninka ta sau ɗaya kawai a kan cinyata, sai da muka isa harabar taro na zura. Humra da turaren mai a kayana na ciki na shafa, na bari suka bushe, domin Kawu ya gargaɗe ni cewa foliyesta ba ta shan ruwa amma tana kama mai, tabonsa kuma da wuyar fita. Da za mu zauna na tattara bayan rigar na ɗaga kaɗan don kada in danne ta awa uku. Wata ƙawata da ke kusa da ni ta kai tata wajen mai wanki da guga, ta dawo mata da ƙyalli a kafaɗu biyu. Ba na ganin laifinsa sosai. Mutumin da ya wuni yana gugar shadda da dutse mai zafin gaske, in ba a ce masa wannan ta roba ce ba, haka zai bi ta. Duk mai kai irin wannan riga wajen guga ya buɗe baki ya faɗa, ya nuna masa ɗigon.

Kakata ta zo, ta kama hannun rigar tana shafawa tana sa albarka, daidai hannun hagun nan. Ba ta ga tabon ba, a hoto ma bai fito ba, don yana ta baya ƙasa da gwiwar hannu. Ni dai na san yana nan.

Ranar Litinin na mayar da ita a kan hanga. Kafin ma'aikacin ya duba na nuna masa wurin da kaina, na ce, "Malam, ga abin da ya faru a hannuna, in akwai abin da zan biya a faɗa mini." Ya ɗaga hannun rigar ya duba a haske, ya ce tun da ba ta huje ba a bar shi, ya yi mini fatan alheri. Na roƙe shi alfarma ɗaya, ya bari in sa 'yar takarda a cikin ledar saboda wanda zai karɓe ta baɗi. Na rubuta cewa yadin roba ne, kada a kusance shi da dutsen gawayi, a rataye tun ranar da aka karɓa, a turara da ruwan zafi. Ya karanta, ya ninke takardar, ya cusa ta cikin hular.