Zuwa ziyarar kabarin Imamu Bukhari: shirin biza daga Abuja

Mai fasfon Najeriya ba ya shiga Uzbekistan, ƙasar da kabarin yake, sai da biza. Matakin farko takardar gayyata ce daga kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can. Kamfanin ne zai kai ta ma'aikatar harkokin wajensu a amince, don haka kada ka sayi tikiti kafin ta fito. Duba sunanka da lambar fasfo a jikinta harafi bayan harafi, domin Muhammad a fasfo da Mohammed a takarda ya isa ya ɓata tafiya. Fasfon kuma ya kasance da saura wata 6.

Abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi shi ne rajistar masauki. Cikin kwana 3 da sauka dole a yi maka ita. Otal ne ke yi, ya ba ka 'yar takarda. Adana ta, ana iya tambaya ranar fita. In gidan wani ka sauka, mai gidan ya yi maka, in ba haka ba tara ce.

Magani kuwa, duk mai ɗauke da kodin ko taramol, bar shi a gida, dokarsu ba ta wasa. Kabarin yana ƙauyen Hartang, kusa da Samarkand.