Mai sharhi, marubuci, kuma mawallafi: hula uku a kai ɗaya

Jama'a, duk mai son haɗa sharhin adabi da rubutu da wallafa a Abuja, ya fara sanin cewa wallafar ce ke cin kuɗi. Kafin littafi ya je maɗaba'a, a nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lambobi 13, a Laburaren Ƙasa. Bayan ya fito, doka ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi 3.

Inda littafin Hausa ya fi lalacewa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Idan ba a kulle samfurin haruffan (font) mai ɓ, ɗ da ƙ cikin fayil ɗin PDF da za a kai maɗaba'a ba, kwamfutar maɗaba'a sai ta mayar da su akwatuna, ko "ƙafa" ta koma "kafa". A karɓi kwafin gwaji, a karanta shi a takarda tukuna. Yawan shafuka kuma ya zama wanda za a iya rabawa 16-16 ba saura, saboda yawanci haka ake naɗe takardar. In ba haka ba, za a biya kuɗin fararen shafuka.

Sharhi kuwa, a ganina, mawallafi ya bar wa wasu su yi a kan littafin da ya buga. Masu karatu suna lura.