Tekwando da gwiwata ta hagu

Alfaga ne ya ja ni. Da ɗan wasan nan ya ciyo wa Nijar azurfa a tekwando a gasar Olympics ta Rio a 2016, na rantse sai na koyi wannan wasan faɗa na Koriya, duk da na haura talatin, tumbi ma ya fara leƙowa.

Ranar farko malam ya zaunar da mu yana fasa sunan: "tae" ƙafa, "kwon" dunƙulen hannu, "do" hanya, wato tarbiyyar da ke riƙe da sauran biyun. Ya ce bayan Koriya ta fita daga hannun Japan a 1945 makarantun faɗa suka yawaita a Seoul, sunan kuwa sai 1955 aka raɗa shi. Ni dai gyaɗa kai nake yi, hankalina na kan ranar da ƙafata za ta kai kunnen wani.

Akwai bugun da ake kira dollyo chagi, wanda ƙafa ke zagayowa ta gefe. Kullum malam sai ya ce, "Alhaji, ƙafar ƙasa ce ke bugun, murza ta har diddige ya kalli abokin karawarka." Na ɗauka surutun malamai ne. A mako na biyar na zo a makare, ban ɗumama jiki ba, ban ko cire takalmin roba ba, ga filin siminti. Na sako ƙafar dama da ƙarfi, ƙugu ya juya, takalmin hagu ya kame ƙasa ƙam. Gwiwa ce ta juya a madadinsa. Har yau ina jin ƙarar nan, ƙas, kamar an karya kara.

Likita ya ce jijiyar gefen gwiwa ce. Wata uku ina sallah a kan kujera, yara na leƙena a masallaci. Duk don ƙyuyar cire takalmi!

Na koma, ba na musun amfaninsa: ina hawa bene ba haki, barci ya daidaita, saurin fushina ma ya lafa, don wanda za ka rusuna masa kafin ku kara da bayan kun gama, da wuya ka riƙe shi a zuci. Amma duk sabon da ya zo, ƙafar ƙasa nake fara duba masa, in na ga takalmi sai ya cire.

Yaran da muka fara tare tuni sun ɗaura baƙar ɗamara. Tawa shuɗiya ce, gwiwar kuma da hunturu ya kama sai ta motsa.