Asabar a gindin dutse, Arizona

Bayan sallar asuba muka bar birnin Finiks da ke jihar Arizona ta Amurka ni da Yaya, muka nufi arewa. Awa ɗaya da rabi muka yi a hanya kafin mu isa kusa da garin Camp Verde, inda ginin da ake kira Montezuma Castle yake.

Na sha ganin hotonsa, amma da na tsaya a gindin dutsen na ɗaga kai, sai bakina ya mutu. Gida ne mai hawa biyar, ɗakuna kusan 20, an gina shi da duwatsu da laka a cikin wani kogo a jikin farin dutse, wajen mita 27 daga ƙasa. Mutanen Sinagua, wata tsohuwar al'umma ta 'yan asalin Amurka, su ne suka gina shi, suka zauna a ciki daga wajen shekarar 1100 zuwa 1425. Leɓen kogon ya kare shi daga ruwan sama, shi ya sa har yau bangon yana tsaye.

Na ce, "Yaya, ta ina suke hawa?" Ya ce da tsani. Ai kuwa har 1951 baƙi ma da tsani suke hawa, sai aka hana saboda ginin ya fara lalacewa. Na daɗe ina tunanin matan gidan, tulu a ka, goyo a baya, kullum sai sun sauko rafi sun koma. A ƙasa suke noman masara, wake, kabewa da auduga. Gumagumen da suka yi rufi da su kuwa, daga manyan itatuwan bakin rafin nan suka saro su, suka hau da su can sama.

Sunayen ne suka tsaya mini a rai. Montezuma sarkin Aztek ne a Meziko, bai taɓa taka wurin nan ba, ba a ma haife shi ba lokacin da mutanen suka tashi. Turawa ne suka laƙa wa ginin sunansa bisa kuskure. Ita kuma kalmar Sinagua daga Sifaniyanci take, ma'anarta "babu ruwa", alhali ga rafin Beaver yana gudana a gabana. Wasu dangogin ƙabilar Hopi, 'yan asalin Arizona, har yau suna cewa kakanninsu ne suka zauna a nan. Da na karanta wannan sai na ji sanyi a zuciyata, ashe masu gidan sun bar baya.

Mun yi azahar a inuwa kusa da mota. Wuyana na ciwo saboda ɗaga kai.