Asabar: koko, ƙoƙo da shafin baya

An kwana ana ruwa, garin ya waye layinmu ya zama tafki. Nan Agege in damina ta kankama, kwata ce ke shigowa gida ta gaishe ka. Wuta kuwa tun Alhamis da suka ɗauke ba su waiwaye mu ba. Baban yara ya fita tun asuba zuwa mayankar Oko-Oba, sai wajen ƙarfe goma ya dawo da burodi a leda, da jaridar Hausa ta mako da yake karɓo mini wurin mai jarida a kusa da gadar Pen Cinema. Daga Arewa ake kawo ta, kan ta iso hannunmu labaran shafin farko duk sun kwana, mun riga mun ji su a rediyo. Ba don labarai nake sa a sayo ba. Don shafin baya ne, inda ake buga wani zanen barkwanci na wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu uku.

Yarana a Legas aka haife su. Bakinsu ya fi saurin kama Yarbanci da Turancin buroka, Hausar ma in suka yi ta, kakarsu a waya sai ta ce sai ka ce 'yan koyo. Karatun Hausa kuwa ba a yi musu a makarantar boko, a Islamiyya kuma Larabci ne. Wannan ɗan zanen mai akwatuna huɗu shi ne rubutun Hausa guda ɗaya da suke rububin karantawa ba tare da na ɗaga murya ba. Shi ya sa nake sa masa ido fiye da kima, har Baban yara yake cewa in da ni ce editan da tuni mai zanen ya koma noma.

Yau 'yar tsakiyar ce ta riga kowa fizgewa. Ta zauna a bakin ƙofa tana haɗa baƙaƙe da ƙarfi, can sai ta tsaya ta ce, "Umma, wa ake bi bashi?" Na ce bashin me? Ta nuna mini. A akwati na biyu uwar gidan tana ce wa 'yarta, "Bashi koko yasha." Abin da ake nufi, "Ba shi koko ya sha." An manne kalmomi biyu sun haifi bashi, yarinya tana neman mai bin kuɗi a cikin labarin karin kumallo. Har na fara yi mata bayani, sai na lura a zanen ƙoƙo ne a hannun yarinyar, babu komai a ciki, yaron kuma yana tsaye a gaban randa. Ashe ma ba koko ba ne, ƙoƙo za a ba shi ya ɗebi ruwa. Kuskure biyu a magana ɗaya, kuma dariyar akwatin ƙarshe a kan wannan ƙoƙon ta rataya, don haka ta mutu murus.

Wannan ba yau aka fara ba. Makon jiya uban ya shigo yana cewa "kura ta cika dakin nan", Auta ya kwana yana tambayata ko kura tana iya hawa bene. Ƙura ake nufi. An taɓa rubuta "munyi baki" a ranar da suka yi baƙi, da "kada kuyi fada" sai ka ce yaran sarauta suke nema. "Yana" a raba ta biyu, "ya yi" a haɗe ta wuri guda, daidai akasin yadda ƙa'ida ta ce. Abin da ke ba ni haushi, ba wai haruffan ne babu ba. Tun shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da tarin tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo a akwatin ƙarfe, jaridar da aka fara a 1939 Abubakar Imam yana edita, a cikinsu na koyi bambanta baki da baƙi, kuma a zamanin da dalma ake jera haruffa. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don daidaita rubutun nan. Saɓanin da ya rage ɗan kaɗan ne, irin su 'ya'ya da mu muke rubutawa da ɗan waƙafi a sama, mutanen Nijar kuma su sa ƴ. Yanzu da kowace waya za ka iya sauke madannin Hausa kyauta, a ce jarida sukutum ta kasa lanƙwasa wa k kai?

Na ɗauko jan biro na gyara mata, ta sake karantawa, sai a lokacin ta yi dariya. Dariyar da ta makara da minti goma.

Da rana bayan na sauke shinkafa da wake na sake ɗaukar shafin ni kaɗai, na ƙura wa zanen ido. Hannun mutumin ba laifi wajen motsi, in yaro yana gudu ka san gudu yake. Amma yaran uku fuska ɗaya gare su, kai kamar ƙwallo, ɗigo biyu ido, bambancin mace da namiji ɗankwali ne kawai. Hular uban ba zanna ba, ba dara ba, wani bokiti ne aka kife masa. Ɗaurin zanen uwar kuwa ta hagu ya zagayo, ɗankwalinta a tsaye ƙiƙam irin na zuwa biki, alhali tana gaban murhu. Sai abin da ya fi tsaya mini: a akwati na uku yaron yana kai loma da hannun hagu, uban yana kallonsa yana murmushi. Wane uba ne Bahaushe zai ga haka bai ce "sauya hannu" ba? Da na duba agogon bangon da ke bayansu sai na gane dalili, lambobinsa a juye suke. Tsohon zane ne aka juya a kwamfuta don a huta da sake zanawa, dama ta koma hagu, ba wanda ya lura.

Gidan nasu ma ban san a wane gari yake ba. Ga randa da murhu, ga kuma tebur mai kujeru shida da kare kwance a ƙarƙashi, ga ciyawa shimfiɗe a ƙofar gida ba katanga ba zaure. Jikina yana ba ni mai zanen ya taso yana kallon irin na jaridun Amurka, ya ɗauko gidan yadda yake ya sa wa mutanen hula. A Legas ɗin nan fa aka yi Akinola Lasekan, wanda yake sa hannu da Lash, yana zane a jaridar West African Pilot ta Azikiwe tun shekarun 1940, kuma mutanen da yake gani a titi da siyasar da ake ciki yake zanawa. Ni da mai zanen nan zai zo ya zauna a tsakar gidan hayarmu yini ɗaya, ɗaki goma sha biyu bayi biyu, da layin bokitai a bakin rijiya, da ya samu abin zanawa na shekara.

Tarbiyyar gidan ita ce muka yi musu a kanta da Baban yara bayan la'asar. Uwar ba ta da makami sai tsoratarwa. In yaro ya ƙi cin abinci, za a kira mai allura. In ya ƙi barci, dodo yana bayan ƙofa. Uban kuma kullum da alkawari yake fita, "in na dawo zan sayo maka", kullum ya dawo hannu rabbana, wai nan ne abin dariyar. 'Yar macen ita ce mai wanke-wanke da goyo da aike, babban yana kwance yana ba ta umarni, ba a taɓa zana shi da tsintsiya ba. Sannan uwar tana ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa gatsau a gaban baƙi. Wannan kam na san zamani ya sauya, amma ni har yau bakina bai iya ba, "kai" nake ce wa nawa ko "babban", kamar yadda tawa uwar ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba.

Baban yara ya ce, "Ke dai Malama kin cika bin ƙwaƙƙwafi. Mutumin nan madubi ya ɗauko, abin da ake yi a gidaje yake nunawa, ba wa'azi ya zo yi ba." Na ce to madubin da ke juya dama ta koma hagu fa? Ya yi dariya ya ce wannan kam na ci shi. Amma ya ƙara da cewa in iyayen zanen suka zama salihai masu haƙuri, ba yaron da zai karanta, ni ma ba zan karanta ba. Ban amsa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da na riƙe kawai shi ne yaran namu ba su ɗauke shi madubi ba, jiya-jiya na ji babban yana ce wa ƙanwarsa ta ɗauko masa takalmi da irin muryar wancan.

Magariba ta yi, ruwa ya sake tsinkewa, ga sauro. Auta ya ƙi tuwo, ya ce shi burodi zai ci. Na lallashe shi, na yi masa waƙa, ya kafe. Ban san lokacin da na ce masa in bai buɗe baki ba yanzu zan aika a kira mai allura ba. 'Yar tsakiyar tana gefe da jaridar a cinya, ta ɗago ta dube ni, ta dubi shafin, ba ta ce komai ba. Baban yara ya juya fuska bango kafaɗunsa suna rawa.

Auta dai ya ci loma huɗu, da hannun dama. Na yanke zanen da almakashi na sa a cikin tsohon littafin rajista inda nake tara su, wannan ne na goma sha tara, kowanne da jan biro a jikinsa. Wasiƙar da na fara rubuta wa editan tun watan jiya tana nan a shafin ƙarshe, sakin layi biyu. Fitilar caji ta fara ja, gobe kuma akwai wankin kayan makaranta in rana ta fito.