Godiya bayan horon ciyar da masu wahalar haɗiya

Assalamu alaikum. A madadin iyaye da masu kula da 'yan'uwanmu masu lalurar ƙarancin fahimta a ƙauyukan yankin Ringim, muna godiya ga ma'aikatan jinyar da suka tako har gida suka koyar da yadda ake ciyar da mai wahalar haɗiya. Muna godiya ga mai girma Dagaci, Allah Ya ja zamaninsa, da ya ba mu zaure, da Malam Liman da ya yi shela bayan Juma'a, da iyayenmu mata da suka damo kunu iri-iri aka gwada kaurinsa a gaban kowa.

Wanda bai samu zuwa ba, ga abin da aka fi nanatawa.

Ba kullum ƙwarewa ke zuwa da tari ba. Ruwa kan sulale ta hanyar iska ya sauka huhu shiru, sai a ga zazzaɓi da ciwon ƙirji suna ta dawowa, a yi ta maganin nimoniya alhali matsalar tana wajen ci. A lura idan murya ta jiƙe bayan kurɓa, ido ya kawo ruwa, abinci ya taru a kumatu, ko cin ya haura minti 30.

Don Allah a daina ɗura. Kwantar da mutum a cinya a toshe masa hanci tura kunu ne cikin huhu. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, mai ba shi ya zauna daidai fuskarsa, domin in ya tsaya a kansa dole mai cin ya ɗaga kai, hanyar iska ta buɗe. Cokalin shayi ɗaya a lokaci guda, a jira maƙogwaro ya hau ya sauka. Bayan ci ya zauna minti 30, a goge masa haƙora da kumatu.

Kauri kuwa ba a yanke shi da ka. Ma'aikacin lafiya ne zai duba mutum ya faɗi wanda ya dace da shi. Cikin mafi haɗari akwai ruwa-ruwa mai gudaji, irin furar da ba ta damu ba ko kunu mai gaya, don ruwan kan riga gudajin wucewa. Gyaɗa, aya, kilishi da ɗanwake a nisanta su. Dafaffiyar kabewa ko dankali a murje a tace. Ƙwayar farfaɗiya kada a niƙa sai an tambayi mai ba da magani, wasu ba a fasa su.

Idan ya shaƙe, ya kasa tari da magana: a sunkuyar da shi, duka 5 tsakanin kafaɗu da tushen tafin hannu, sannan matsa 5 a saman cibiya, ciki da sama, a maimaita. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a matsa masa ciki. Kada a ba da ruwa, kada a zura yatsa lalube. Ko abin ya fito, a kai shi asibiti.

Samarin da suka yi jigilar marasa ƙarfi a babur ba su karɓi ko sisi ba, Allah Ya yi muku albarka.